Malaminmu ya ce kaina ba zai ɗauki karatun likita ba

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 18, bara na gama sakandare. Tun ina 'yar shekara 11, lokacin da muka yi jinyar ƙanena a asibiti na ga yadda wata likita ta tsaya a kansa dare guda har ya farfaɗo, ban sake yin wani buri ba sai na zama likita. Na zauna jarrabawar shiga jami'a, makina bai kai ba, kemistiri ne ya kayar da ni. Da na je wurin malaminmu neman shawara, sai ya ce min a gaban mutane: "Ke kanki ba zai ɗauki karatun likita ba, ki nemi wani abu daidai ke." Kawuna ya ce karatu ne mai tsawo da tsada, wa zai ɗauki nauyi? Ƙawayena sun sa min suna Dakta, da na shigo sai su fashe da dariya. Umma ba ta ce komai ba, kuma shirunta ya fi komai ci min rai. Yanzu in na buɗe littafi muryar malamin nan nake ji. Anti, in sake zaunawa ko in haƙura? Ko dai su ne ke da gaskiya?

Daga wata ɗaliba mai neman mafita

Wa'alaikumus salam, ƙanwata.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda na fi tsayawa shi ne wurin da kika ce in kin buɗe littafi muryarsa kike ji. Shi ya faɗi maganarsa cikin ƙiftawar ido ya kama gabansa, wataƙila ma ya manta ya faɗe ta. Ke kuwa kin ɗauko ta kin kawo ɗaki, kin ajiye ta kusa da littafinki, kullum tana yi miki karatu. Na san zafin wannan, kuma ba zan ce miki ki share kawai ba, don maganar da aka gaya wa mutum a bainar jama'a ba ta sharuwa da sauƙi.

Amsata a taƙaice ita ce ki sake zaunawa. Amma kada ki koma yadda kika je karon farko, kuma kada ki toshe kunnenki gaba ɗaya daga masu shakka. Kin haɗa mutum huɗu kin kira su "su", alhali kowa da abin da yake faɗa. A cikin maganganunsu akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. Aikinki shi ne ki sheƙe, ki riƙe abin da zai amfane ki, ki bar iska ta tafi da sauran.

Mu fara da malamin, tunda tasa ce ta fi yi miki illa. Magana biyu ya cusa a cikin guda. Ta farko, makinki na kemistiri ya yi ƙasa. Wannan gaskiya ce, ga ta a takarda, ke ma kin faɗa. Ta biyu, kanki ba zai taɓa ɗauka ba. Wannan kuwa bai sani ba, kuma babu hanyar da zai bi ya sani. Abin da ya gani shi ne aikinki na wasu watanni, a ƙarƙashin irin koyarwar da kika samu da irin karatun da kika yi. Daga nan ya yi tsalle ya yanke hukunci a kan shekarun da ba ki riga kin rayu ba.

Bari in ba ki labarin wani mutum, John Gurdon, ɗan Ingila. Yana ɗan shekara 15 a makarantar Eton, shi ya zo na ƙarshe a ilimin halittu cikin yara 250 na ajinsu. A shekarar 1949 malaminsa ya rubuta masa rahoton ƙarshen zango mai zafi. Ya ce yaron ba ya sauraro, ya nace sai ya yi aiki yadda ya ga dama, a wani gwaji ma maki 2 ya samu cikin 50. Sannan ya ce ya ji wai yaron yana da ra'ayin zama masanin kimiyya, kuma in aka dubi abin da yake yi a yanzu wannan abin dariya ne, ɓata lokaci ne gare shi da masu koya masa. Aka raba shi da darasin kimiyya, ya koma karatun tsofaffin harsunan Latin da Girkanci. Sai da ya samu shiga jami'ar Oxford sannan ya juya ya koma ilimin dabbobi, ya cike giɓin da aka bar masa. A shekarar 1962 ya wallafa wani gwaji da ya girgiza masana: ya ciro cibiyar ƙwayar halitta daga hanjin ɗan kwaɗo, irin mai wutsiya da ke iyo a ruwa, ya saka ta cikin ƙwan kwaɗo da aka cire wa tasa cibiyar, sai ga ƙwan ya girma ya zama sabon ɗan kwaɗo. Da wannan ya nuna cewa ƙwayar halittar da ta riga ta zama ta hanji ba ta rasa cikakken bayanin gina jiki gaba ɗaya ba. A shekarar 2012 aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci tare da Shinya Yamanaka na ƙasar Japan. Rahoton nan kuwa bai yar da shi ba. Ya sa masa gilashi ya ajiye a ofishinsa a Cambridge, kuma ya sha faɗa cewa in gwaji ya ƙi yi masa yakan dube shi ya ce anya malamin nan ba shi da gaskiya kuwa?

Ki lura da abu biyu a nan. Malamin Gurdon bai yi ƙarya a kan makin ba, yaron ya zo na ƙarshe da gaske. Inda ya ɓata shi ne da ya mai da makin zango ɗaya ya zama hukuncin rayuwa. Sannan ki ga mutumin da duniya ta yarda da iliminsa, bayan shekaru fiye da sittin, muryar malaminsa ba ta bar kunnensa ba. Don haka kada ki jira sai muryar nan ta yi shiru kafin ki buɗe littafi. Wataƙila ba za ta yi shiru da wuri ba. Ana iya yin karatu tana magana.

Ni ma na taɓa zama a kujerar malamin nan, shi ya sa nake miki magana da ƙarfin gwiwa. Na yi shekaru ina koyar da lissafi. Akwai wani yaro mai zama a layin baya, shiru-shiru, kullum amsarsa ba daidai ba. Wata rana na gaji, na yi ta duba takardu tun safe, na miƙa masa tasa na ce, "Kai dai lissafi ba naka ba ne." Ajin ya yi dariya, ya sunkuyar da kai. Bayan makonni na karɓi littafinsa na rubutu don wani dalili daban, sai na ga inda na rubuta 3 a allo shi 8 ya kwafa, inda na rubuta 1 shi 7 ya sa. Hanyar da yake bi wajen aikin daidai take daga farko har ƙarshe, lambobin ne ba nawa ba. Yaron nan ba ya ganin allo sosai, kuma bai taɓa sanin cewa sauran yara suna gani fiye da shi ba. Aka yi masa tabarau, aka dawo da shi layin gaba, makinsa ya tashi. Na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce ba komai Malama. Amma har ya bar ajina bai sake ɗaga hannu ba ko sau ɗaya. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Ranar da na faɗi maganar nan, ba wani zurfin sani game da ƙwaƙwalwarsa ne ya sa ni ba. Gajiya ce da gaggawa. Ban san malaminki ba, ba zan kuma zage shi ba, amma na san daga inda irin wannan magana takan fito.

Sai dai ba zan yaudare ki ba. Labarin Gurdon bai tabbatar da cewa ke za ki zama likita ba. Muna jin labarinsa ne don ya kai gaci. Akwai da yawa da aka yi wa shakka, suka yi iya ƙoƙarinsu, ƙofar ba ta buɗe musu ba, kuma babu wanda ya rubuta tarihinsu. Abin da labarin ya tabbatar ƙarami ne, amma ya ishe ki: babu mai iya duban makin yarinya 'yar shekara 18 ya san iyakarta. Malaminki bai sani ba, ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba tukuna. To tunda haka ne, sai a gwada, don sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, ya yi rubutu a shekarar 1977 a kan yadda mutum yake samun yarda cewa zai iya wani abu. Ya ce tana zuwa ta hanyoyi huɗu: abin da mutum ya yi da hannunsa ya ga ya yiwu, ganin wani irinsa ya yi, ƙarfafa gwiwa da baki, da kuma yanayin jikinsa da zuciyarsa lokacin aikin. Wadda ta fi ƙarfi ita ce ta farko. Ma'ana, duk daɗin bakin da zan yi miki a nan ba zai kai tasirin ki zauna ki warware tambaya goma da suka gagare ki bara ba. Maganar malaminki baki ce, tawa ma baki ce. Abin da zai raba gardama shi ne takarda da alƙalami.

Ga abin da nake so ki yi. Ki ware mako shida. Ranar farko ki ɗauko tambayoyin kemistiri na jarrabawar wata shekarar baya, ki rufe littafi, ki sa agogo, ki amsa kamar kina zauren jarrabawa. Ki duba makinki ki rubuta shi da kwanan wata, komai muninsa. Sannan ki samo ƙaramin littafi na musamman, duk tambayar da kika faɗi ki rubuta ta, a gefenta ki rubuta dalili. Ban gane darasin ba ne tun asali? Na gane na manta? Lissafin ne ya kuɓuce min? Ban karanta tambayar da kyau ba? Lokaci ne ya ƙare? Kafin mako biyu za ki ga abin mamaki. "Ban iya kemistiri ba" zai rikiɗe ya zama wani abu kamar "lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari, ne ke ba ni wahala, kuma ina rikita sunayen sinadaran kabon." Na farko dutse ne da ba shi da wurin kamawa. Na biyu kuwa aikin 'yan makonni ne. Sau da yawa ɗalibin da ke kuka da kemistiri, in an bincika, wani ɗan guntun lissafi ne ya wuce shi tun a ƙananan azuzuwa, kamar kaso da rabo, shi ne yake ta kayar da shi ba tare da ya sani ba.

Ina kuma so ki dubi yadda kike karatun. Ba ki gaya min ba, amma yawancin ɗalibai karantawa suke yi su sake karantawa, su ja layi, har shafin ya zama kamar fuskar da suka saba gani, sai su ɗauka sun iya. Wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan a shekarar 2006. Suka ba ɗalibai rubutu. Wani rukuni ya yi ta maimaita karantawa, wani ya karanta sau ɗaya sannan aka rufe takarda aka sa shi ya yi ta rubuta abin da ya tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa labari ya juya: masu gwada kansu sun tuna wajen kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita karatu kashi 40. Tun a shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, shi ya sa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara dare ɗaya. Saboda haka ki karanta kaɗan, ki rufe, ki tambayi kanki, ki dawo kan abin bayan kwana biyu, ki sake dawowa bayan mako. Zai fi wahala, za ki riƙa jin kamar ba ki iya ba, kuma wannan wahalar ita ce alamar karatun yana shiga. Duk ƙarshen mako ki sake zama da sabuwar takarda da agogo, ki rubuta makin a ƙarƙashin na baya.

Ki nemi mutum ɗaya da zai riƙa duba miki aiki, wani malami daban ko wanda ya ci jarrabawar nan kafin ke. Matambayi ba ya ɓata. In ma zuciyarki za ta iya, wata rana ki koma wurin malamin nan da littafin kurakuranki ki ce, "Malam, ga wurare uku da nake faɗuwa, a taimaka min." Wani malamin in ya ga haka kunya takan kama shi ya zama mai taimakonki na farko. In kuma ya sake maimaita waccan magana, kin san ba wurin zuwa ba ne, sai ki yi masa sallama cikin ladabi ki nemi wani.

Sai Kawu. A nan zan ɗan taka miki burki, don ina ganin kin sa shi a layin da ba nasa ba. Kawu bai ce ba ki da ƙwaƙwalwa ba. Tambaya ya yi: wa zai ɗauki nauyi? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ko kin ci jarrabawa da maki mafi yawa tana nan tana jiranki. Karatun likita yana da tsawo a ko'ina a duniya. A ƙasashe da yawa shekara biyar ne ko shida kafin a fito, sannan a yi aƙalla shekara guda ana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci kafin a sami cikakken lasisi, wanda kuma yake son ƙwarewa a wani fanni sai ya ƙara wasu shekarun. A Amurka ma sai an gama digiri na farko sannan a shiga na likita na shekara huɗu. Duk tsawon wannan lokaci akwai kuɗin makaranta da littattafai da wurin kwana da zirga-zirga. Babban da ya hango wannan ya yi magana, ba hassada yake miki ba. Mai yiwuwa ne yana tsoron a fara a kasa ƙarasawa, ki tsaya a tsakiya, wanda ya fi rashin farawa ciwo.

Amsar irin wannan tambaya ba hawaye ba ce kuma ba fushi ba. Ki zauna ki yi bincike. Jami'o'in da kike so, nawa ake biya a shekara? Wane tallafin karatu ake bayarwa, na hukuma ko na wata gidauniya, wane sharaɗi suke nema, yaushe ake rufe karɓar takardu? Ki nemi ɗalibar likitanci da ta kai shekara ta uku ko ta huɗu ki tambaye ta abin da take kashewa da gaske, da yadda ranarta take tafiya daga asuba zuwa dare, da abin da ta so a ce an gaya mata tun farko. Ki rubuta duka a takarda guda. Sannan ki zaɓi lokacin da Kawu yake cikin natsuwa, ki gaishe shi, ki ce, "Kawu, na yi tunani a kan maganar da ka yi, na ga gaskiya ce. Ga abin da na binciko, ina so ka duba ka ba ni shawara." Kin ga yanzu kin mai da shi abokin shawara. Manya da yawa in sun ga yaro ya zo da lissafi a hannu, sai su fara kallon burinsa da wani ido. Ban yi miki alkawarin zai buɗe aljihu ba. Amma ko bai bayar da ko sisi ba, kin san girman ramin da za ki tsallaka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙawaye kuwa ba zan daɗe a kansu ba. Wasu wasa suke yi ba su san yana yi miki ciwo ba, ki ja wadda kika fi kusa da ita gefe ki gaya mata. Wasu kuma burinki yana tuna musu da nasu da suka ajiye, dariyar ta fi musu sauƙi. Ki rage ba su labarin shirinki. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a shekarar 2009 da ya nuna cewa ɗaliban da wasu suka san niyyarsu ta zama wani abu sukan rage himma a aikin, kamar dai faɗar ta riga ta ba su ɗanɗanon isa. Ki bar mutum biyu ko uku da kika amince da su su sani, sauran su gani a sakamako. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki yi karatu don ki kunyata su. Wutar haushi takan ci da sauri ta mutu, ba za ta kai ki shekara shida ba, balle ta tsayar da ke a kan gadon majinyaci da ƙarfe uku na dare. Kina da dalilin da ya fi wannan ƙarfi, kin faɗe shi a layin farko na wasiƙarki.

A kan wannan dalilin nake so mu ɗan zauna. Me kika gani a daren nan kina 'yar shekara 11? Farar riga kika gani da suna, ko kuwa mace kika gani ta ƙi barin yaro shi kaɗai da ciwonsa, kuma tana da ilimin da za ta cece shi? Ina jin na biyun ne. In haka ne, burinki yana da jijiya kuma yana da rassa, ya kamata ki san bambancinsu.

Elizabeth Blackwell ita ce mace ta farko da ta samu digirin likita a Amurka. Makarantu da yawa sun ƙi ta don kawai ita mace ce. A shekarar 1847 wata ƙaramar kwalejin likitanci a garin Geneva na jihar Niyok ta rasa yadda za ta ce a'a, sai malamai suka miƙa maganar ga ɗalibai maza su jefa ƙuri'a. Ɗaliban suka ɗauka wasa ne suka ce sun yarda. Ta shigo ta ƙofar ba'a, kamar yadda ake kiranki Dakta yau, ta fito a shekarar 1849 ita ce ta ɗaya a ajinsu. Amma ga ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Burinta shi ne ta zama likitar tiyata. A wannan shekarar, tana aiki a wani asibitin haihuwa a Paris, tana wanke idon jariri mai ciwon ido sai ruwan ya fantsar mata, ta kamu, ta rasa ganin idonta na hagu. Tiyata ta kuɓuce mata har abada. Ba ta bar fagen ba. A shekarar 1857 ita da ƙanwarta Emily da wata likita, Marie Zakrzewska, suka buɗe asibitin mata da yara marasa galihu a birnin Niyok, daga baya suka ƙara masa kwalejin horar da mata likitoci. Masu shakka ba su iya tsayar da ita ba, amma da ƙaddara ta rufe reshe ɗaya, sai ta bi wani, jijiyar tana nan.

Shi ya sa nake ba ki shawara ki yanke wa kanki iyaka tun yanzu da hankalinki yake kwance, ba ranar da sakamako ya fito zuciya tana tafasa ba. Ki ce, misali, zan ba wannan ƙofa ƙwanƙwasa biyu da dukkan ƙarfina da sabon salon karatu. In makina na mako-mako yana hawa, zan ci gaba. In na yi iya yina, da taimako, na ga ya ƙi motsi, zan dubi sauran hanyoyin da ke kai mutum gefen gadon majinyaci: aikin jinya, ungozoma, haɗa magunguna, kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, gashin ƙashi, kiwon lafiyar al'umma. Likitar nan da kika gani ba ita kaɗai ta ceci ƙanenki ba. Akwai wanda ya auna jininsa, da wadda ta ɗaura masa ruwa ta riƙa duba zafin jikinsa, da wanda ya tabbatar maganin da aka ba shi daidai ne da nauyinsa. Babu ɗaya a cikinsu da yake aikin ragowa. Abin da ba na so shi ne ki koma can yau, kafin ki gwada, don wani ya ce ki nemi abu daidai ke. In za ki sauya hanya, ya zama littafin makinki ne ya gaya miki, kuma ke kika zaɓa.

Ki kuma kula da jikinki cikin wannan duka. Barci ba ɓata lokaci ba ne, a cikinsa ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana. In kika ga damuwar nan ta hana ki barci ko cin abinci na makonni, ko kuka ya zama na kullum, kada ki riƙe a ciki, ki gaya wa babba da kika amince da shi ko ki ga ma'aikacin lafiya.

Na bar Umma a ƙarshe don tata ce ta fi taɓa ni. Kin fassara shirunta da cewa ta yarda da su. Anya? Ita ma tana nan a daren da ƙanenki ya kwanta, ta ga abin da kika gani. Uwa takan yi shiru don tana tsoron ta ɗaga miki buri alhali ba ta san inda kuɗi zai fito ba. Takan yi shiru don ba ta san hanyar karatun ba, tana gudun ta faɗi abin da ba daidai ba. Takan yi shiru don kada ta yi gardama da ɗan'uwanta a gabanki. Wataƙila kuma tana da shakkar da gaske, in ma haka ne gara ki ji daga bakinta da ki yi ta ƙirƙira mata magana a zuciyarki. Ki same ta lokacin da babu kowa, ki zauna kusa da ita, ki ce, "Umma, ina so in sake zama jarrabawar nan. Me kike gani? Ki gaya min ko da ba zai yi min daɗi ba." Sannan ki yi shiru ki saurara har ta gama, kada ki katse ta. In ta gama ki nuna mata ɗan littafin nan, ki ce duk ƙarshen mako za ki kawo mata makin ta gani, ki roƙe ta ta sa miki albarka.

Bayan mako shida ki sake rubuto min. Ina so in ji makin takarda ta farko da na ta ƙarshe, da wurare ukun da kika gano kina faɗuwa, da abin da Kawu ya ce da ya ga lissafinki. Allah ya buɗa miki, ya ba ki abin da ya fi alheri. Ki gaishe min da Umma da ƙanen naki.